Kabarin da Aka Nuna Mini a Baƙi'a

A takarda, aiki ne ya kai ni Madina. Wani kamfani mai kantunan magani ya ɗauke ni a matsayin mai haɗa magani, a tsakiyar shekarun casa'in. A zuciya kuwa kakana na je nema, mahaifin mahaifiyata, Sani ɗan Garba majemi. Ya bar ƙauyenmu na kusa da Sabon Birni da ƙafa, zai yi hajji ya dawo, ya bar matarsa Inno da cikin wata huɗu. Cikin nan shi ne mahaifiyata, Hajara. Ba ta taɓa ganinsa ba, ba kuma wanda ya taɓa kawo labarinsa, na rai ko na mutuwa. Sunansa aka sa mini, don haka tun ina goye take kirana Babana. Abin da kawai na samu a gida shi ne wani tsohon littafin haraji a ofishin hakimi, an ja layi a kan sunansa an rubuta wai ya tafi gabas.

Saƙon da ta ba ni gajere ne. Ta ce, "Babana, ni ban biɗa ka kawo min komi ba. Ka gano min inda ubana yake kwance, kuma ka ji min ko ya san an haihe ni."

Watannin farko ban nemi kowa ba, kaina nake nema. An yi mini alkawarin ɗaki ni kaɗai, sai na tsinci kaina a unguwar Jurf mu biyar a ɗaki ɗaya, ni da Misirawa biyu da wasu 'yan Indiya, na'urar sanyaya ɗakin kuma ƙara kawai ta iya. Fasfo ɗina ya shiga aljihun kafili, wato ubangidan da zamana yake hannunsa, ban sake ganinsa ba sai da shekara ta zagayo. Larabcin da na yi taƙama da shi a Sakkwato na littafi ne, in na yi shi a kanti sai tsofaffi su tsaya suna kallona kamar mai huɗuba. Na yi kewar fura har na riƙa mafarkinta. Abin da ke riƙe ni shi ne kaset ɗin da mahaifiyata ke aiko mini ta hannun masu zuwa umra. Nakan saurare shi a ranar hutu, in ji kukan awakinmu a bayan muryarta, in mayar da shi baya in sake ji.

Ranar Juma'a ce kaɗai tawa, ita na ba wa kakana. Na fara da wani ɗakin karatu da ke ajiye tsofaffin littattafan ribaɗi, wato gidajen waƙafi da ake sauke talakawan baƙi a zamanin da. A nan Allah ya haɗa ni da Ustaz Usman, ma'aikacin wurin, Bahaushen Sudan ne wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba amma ya fi ni sanin sunayen garuruwanta. Ya ji ina lalube da Larabci, sai ya ce mini, "Ya akhi, yi Hausa mana, ka huta mu huta." Juma'a bakwai muna buɗe littattafai masu warin ƙura, yana kawo mini shayi da dabino a ɓoye don an hana ci a ɗakin. A ta takwas ya ɗora yatsa a kan wani layi ya kira ni. An rubuta Sani bin Garba, Bagobiri, mai jima. A gefe kuma, da wani alƙalamin daban, an ƙara cewa ya fita daga ribaɗin. Babu inda aka ce ya tafi.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Ashe dai bai mutu a hanyar Sudan ba kamar yadda Inno ta yi ta faɗa wa kanta har ta koma ga Allah. Ya iso.

Ustaz Usman ya ce takarda iyakarta ke nan, saura bakin tsofaffi. Duk wanda na tambaya a Harra ta Gabas, unguwar tsofaffin gidaje da mutanenmu suka cika, amsa ɗaya yake ba ni: in je wurin Baba Ɗan Jimma wanzami, babu kan Bagobirin da ya zauna Madina da bai bi ta ƙarƙashin askarsa ba.

Na same shi a wani ɗan shago mai kujera ɗaya, tsoho siriri, mutumin Tibiri. Da na ga zanen da ke kumatunsa, shida a nan bakwai a can, irin na kawunnaina, sai na ji kamar na shiga zauren gidanmu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya zaunar da ni ya ce sai ya yi mini aski kafin in buɗe baki, wai kaina ya zama na mahaukata. Yana cikin askin na faɗi sunan kakana. Askar ta tsaya a ƙeyata. Na ɗauka tsufa ne, yana lalubo tunani.

Ya ce, "Sani majemi. Na san shi, ya waladi. Amma ka bar ni in tuna da kyau. Ka komo Juma'a mai zuwa, in sha Allahu."

Ban tambayi kaina me zai sa mutum ya nemi mako guda don ya tuna abokinsa ba. Mu a gida haka aka rene mu, in tsoho mai zanen gidanku ya ce ka dawo, dawowa kake yi, in ya faɗi magana ba ka neman shaida. Ni da na yi makonni ina ƙin yarda da komai sai na gan shi a rubuce, tsoho ɗaya ya buɗe baki na ajiye takardun.

Da na koma, ya ce kakana ya rasu shekaru kusan talatin da suka wuce, zazzaɓi ne, bai bar kowa ba. "Ni da hannuna nis sa shi cikin rami," in ji shi. Bayan la'asar, lokacin da ake buɗe wa maza ƙofar Baƙi'a, ya kama hannuna muka shiga. Wanda bai taɓa ganin maƙabartar nan ba, ya kamata ya sani babu suna a kan kowane kabari, babu rubutu, tudun ƙasa ne kawai da baƙin dutse a kai, dubbai, duk iri ɗaya. Baba Ɗan Jimma ya yi ta tafiya kamar mai zuwa gonarsa, ya ƙirga layi, ya tsaya kusa da katangar gabas ya nuna wani dutse mai ɗan tsagi a gefe. Ya ce, "Ga shi nan. Allah yarhamu." Har hawaye ya share da bakin rawaninsa.

A ranar na ɗauki kaset na faɗa wa mahaifiyata. An ce da ta ji ta yanka akuya ta yi sadaka, ta zagaya gida gida tana cewa ubanta maƙwabcin Annabi ne. Ni kuwa na mayar da dutsen nan wurin zuwana. Kowace Juma'a in yi la'asar a Harami, in shiga Baƙi'a, in tsaya a kansa in yi addu'a, in ba shi labarin gida kamar yana ji. Daga nan in biya shagon Baba Ɗan Jimma da ƙullin goro, wani lokaci da maganin ciwon gwiwa. Ya zama mini uba a garin. In na yi zazzaɓi shi ke aiko mini da kunu.

Shekara ta biyu mahaifiyata ta samu kujerar hajji. Kwana takwas suka yi a Madina. Na ɗauki hutu na riƙa tura ta a keken marasa lafiya saboda ƙafafunta. Mata ba sa shiga Baƙi'a, don haka na kai ta bakin katanga, inda ake leƙawa ta tsakanin ƙarafa. Baba Ɗan Jimma ya rako mu, shi ya miƙa hannu ya nuna mata wajen dutsen. Ta miƙe da ƙyar, ta kama ƙarfen da hannu biyu. Sannan na ji ta yi magana a hankali, da irin muryar da yara ke yi wa manya.

"Baba, ni ce. Cikin da ka bari. Ɗiya mace anka samu, sunana Hajara. Na zo."

Ta juyo ta kama hannun wanzamin ta yi ta sa masa albarka, ta ce shi ne ubanta yanzu. Ya sunkuyar da kai, na ce a raina kawaici ne irin na manya. Ta tambaye shi ko mahaifinta ya taɓa jin an haife ta, ya ce wallahi wannan bai sani ba. Na raka motarsu har Bi'ir Ali inda suka ɗaura harami. Ta leƙo ta taga cikin hayaniyar motoci ta ce mini abu ɗaya ya rage mata, in samo mata watan da ya rasu don ta riƙa yi masa sadaka a kan lokaci.

Wannan ƙaramin saƙon ne ya tona komai. Baba Ɗan Jimma ya ce ya manta watan. Bayan alhazai sun watse, wajen wata uku da tafiyarta, na nemi ofishin da ke rubuta mamata kafin a kai su maƙabarta. Ma'aikacin wani dattijo ne Balarabe mai haƙuri. Ya duba littattafan shekarun da na faɗa bai ga sunan ba. Na ce masa ai na ma san kabarin, wata kawai nake nema. Ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaye ni wa ya nuna mini. Ya ce a Baƙi'a bayan 'yan shekaru sake buɗe ramuka ake yi a sa wasu, kabarin shekara talatin ko wanda ya haƙa shi ba zai iya nuna shi ba. Ganin yadda fuskata ta canza, sai ya tausaya, ya ce bari ya gwada na'urar kwamfuta da aka kawo musu, ko da yake mamatan 'yan shekarun nan kaɗai aka shigar.

Ya buga sunan. Ya fito nan take. Muhammad Sani Garba, tsoho mai shekara tamanin da wani abu, mazaunin Harra ta Gabas. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, ranar wata Juma'a, makonni shida da suka wuce. Wanda ya kawo rahoton rasuwar ɗansa ne, Abdulmajid. Ma'aikacin ya karanto sunan shaida na biyu, sai na ji sunan wanzamina.

Ban san yadda na fito daga ofishin ba. Na tsaya a rana ina lissafi da yatsu kamar yaro. Lokacin da na fara tsayuwa a kan dutsen nan, kakana yana da rai. Lokacin da mahaifiyata ta kama ƙarfen katanga tana gabatar da kanta ga ƙasa, yana kwance a wani ɗaki da tafiyar minti goma a mota za ta kai mu. Sannan na tuna cewa ban taɓa fashin la'asar ɗin Juma'a a Harami ba. A can bayan kowace salla akan yi shelar sallar gawa, ba a faɗin suna, kowa ya miƙe ya yi kabbara huɗu. Ke nan na sallaci kakana ina tsaye a sahu, hankalina yana kan in yi sauri in shiga Baƙi'a in gaishe da dutsen wani.

Na tarar da Baba Ɗan Jimma yana wasa aska. Ban gaishe shi ba, karo na farko a rayuwata da na tsaya a kan tsoho ban rusuna ba. Na ajiye masa takardar da ma'aikacin ya rubuta mini. Bai iya karatu ba, amma bai tambayi abin da ke ciki ba.

Na ce, "Baba, kabarin wa nake yi wa addu'a shekara ɗaya da rabi?"

Ya ce, "Musulmi ne dai, ya waladi. Addu'arka ba ta faɗi ƙasa ba."

Da ba tsoho ba ne, ban san abin da hannuna zai yi ba. Na daka masa tsawa har masu wucewa suka leƙo. Sai ya zauna a kujerar askin ya fara magana yana kallon ƙafafunsa. Ya ce a ranar farko da na ambaci sunan, gidan kakana ya nufa. Kakana ya yi aure a Madina tun da daɗewa, ya samu takardar zama ɗan ƙasa, kuma a takardar an rubuta cewa bai bar mata ko ɗa a ko'ina ba. A kan takardar nan 'ya'yansa suka tsaya, aikinsu da gidansu da karatun jikoki. Abdulmajid ya ce in ɗiya ta ɓullo daga Nijeriya za a buɗe tsohon fayil, ba wanda ya san inda abin zai tsaya. Shi ya ce a nuna wa yaron nan kabari ya yi kukansa ya koma.

"Kuma igamata ga hannunai take," in ji shi, yana nufin takardar zamansa a ƙasar. "Shi ne kafilina. In ya saki hannu, ina za ni da tsufan ga? Shekara arba'in rabona da Tibiri, wa ya san ni can?"

Na ce, "Ta kama hannunka ta ce kai ne ubanta."

Na sa shi ya kwatanta mini gidan.

Gida ne mai hawa biyu, da koren ƙofar ƙarfe, lungu uku kacal daga shagon. Na sha wucewa ta gabansa da ƙullin goro a hannu. Wanda ya buɗe mutum ne mai kimanin shekara hamsin, cikin farar jallabiya. Ban buƙaci a gaya mini ko wane ne ba, goshin mahaifiyata ne da wushiryarta. Na yi masa sallama, na faɗa masa sunana da Hausa, na ce sunan mahaifinsa ne. Ya amsa da Larabci cewa bai san ni ba, na ɓata gida. Na ci gaba da Hausa. Na ce ban zo neman gado ba, ban zo neman takarda ba, yayarsa ta zo har bakin katanga a kan keke, da an bar ta ta ga fuskar ubanta sau ɗaya da ta koma gida ba wanda ya ji. Ya sake cewa da Larabci ba ya jin abin da nake faɗa, amma idonsa ya kaɗa. Ya waiga cikin gidan, ya dawo da kallonsa kaina, ya ce da Hausa tsantsa, ƙasa ƙasa, "Yi haƙuri." Ya rufe ƙofar. Wannan ne duk abin da na samu daga kawuna.

Na daina zuwa Harra. Na daina zuwa Baƙi'a. Haushin ya kasu mini uku ban san wanda ya fi ba: na wanzamin, na Abdulmajid, da na shi kansa kakan nawa, wanda ya yi shekara hamsin da wani abu yana ganin alhazan Gobir suna zuwa suna komawa bai ba ko ɗaya saƙo ba. Kaset ɗin mahaifiyata ya iso a tsakanin nan. Tana cewa tun da ta dawo barcinta ya daidaita, in gaishe mata da Baba Ɗan Jimma, kuma yaya batun watan.

Wata safiya ina aiki a kanti sai ga wanzamin ya shigo yana dogara sanda. Ya jira masu saye suka ragu. Ya ce akwai abin da ya hana shi sukuni, gara ya sauke. Ya ce shekaru uku na ƙarshe kakana ya makance, hankalinsa kuma ya koma baya. Larabcin ya zube masa gaba ɗaya, sai Gobiranci, jikokinsa ba sa gane shi, shi ya sa ake kiran wanzamin duk Juma'a da hantsi ya yi masa aski ya taya shi hira. Wato daga kansa yake tasowa ya zo ya karɓi gorona.

"Ba shi da magana sai guda," in ji shi. "Da na shiga sai ya kama min hannu ya ce, Ɗan Jimma, an zo daga gida? Inno ta haihu? Mi anka samu?"

Na ce, "Har lokacin da mahaifiyata take garin nan?"

Ya ce, "Ranar da munka kai ta katanga ma ya tambaye ni."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ba a zo ba tukuna."

Ya ce wannan karon ya san kabarin da gaske, sabo ne, in na yarda mu je bayan la'asar ya nuna mini. Na dube shi, na dubi zanen nan na kumatunsa da ya sa na miƙa masa wuyana. Na ce ya riga ya nuna mini ɗaya, ya isa. Na zuba masa maganin gwiwarsa a leda na miƙa masa, ya fita. Ban sake ganinsa ba.

Na daɗe da kaset a gabana kafin in danna. Na gaishe ta, na tambayi awaki, na ce mata watan Safar ne, wannan kam gaskiya ne, ban dai faɗi shekarar ba. Na ce Baba Ɗan Jimma yana amsawa. Ta yi shekara shida tana sadakar Safar kafin ta rasu, tana yi wa wanzamin addu'a a kowace salla, ban taɓa gaya mata ba. Mutum biyu suka yi mata ƙarya a Madina, ni na zama na uku, kuma har yau ban san ko na kyauta ba.

Juma'ar da ta biyo bayan aika kaset ɗin na koma Baƙi'a. Ban nufi katangar gabas ba. Na bi jama'a zuwa ɓangaren da ake sababbin ramuka, inda ƙasar ba ta gama kwanciya ba, layi bayan layi, ba wanda ya bambanta da ɗan'uwansa. Na tsaya a tsakiya. Mai gadi yana ta korar mutane yana cewa a yi gaba, a yi gaba. Na ɗaga murya yadda duk wanda ke kwance a wurin zai iya ji, har wasu Turkawa suka juyo suna kallona.

Na ce, "Kaka, an zo daga gida. Inno ta haihu. Mace aka samu, sunanta Hajara."

Mai gadin ya taɓa kafaɗata, na bi sahu na fita.